Littafin Filin Golf: A Saya Ko A Bari?

Masu wasan golf suna riƙe ƙananan littattafai iri biyu a aljihu. Na farko yana nuna nisa daga wurin bugu zuwa rami, da inda ruwa ko yashi yake. Na biyu yana zana gangaren ciyawar da ke kewaye da ramin, don a san inda ƙwallo za ta karkata.

A ganinmu, na farko ya ci kuɗinsa ga wanda zai yi gasa a filin da bai sani ba. Na biyu kuwa sai an yi hattara. A 2019 hukumomin dokokin wasan, R&A da USGA, suka taƙaita girmansa, domin gane gangare aikin idon ɗan wasa ne. Daga Janairun 2022 gasar PGA Tour ta Amurka ta hana shi, sai wanda kwamitin gasa ya amince da shi. A filayen da ake shimfiɗa yashi maimakon ciyawa kuwa, ba shi da amfani.

To, ina ruwan ɗan kasuwa? Idan dillali ya tallata muku su cikin kayan wasanni, ku sani kowane littafi na fili ɗaya ne tak. A wani filin, takardar banza ce. Wa zai saye shi a Mai Wurno, ko Damazin, ko Kurmuk da ke bakin iyakar Habasha?

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya cinye jarin mutane da dama a Jazira da Sinnar. Ɗan abin da ya rage, a zuba shi a dawa da riɗi da albasa, kayan da ba sa kwantai. Mai sha'awar wasan kuma ya nemi littafin rubutu, ya auna filinsa da kansa.