Sharhi: A Bar Wa Manhaja Aikin Kai Ƙunshi Rumbun Bayanai

Sharhinmu na yau a kan wani aiki ne da ake yi a bayan fage, wanda ba a tunawa da shi sai ranar da ya ɓaci.

A bankuna, da kamfanonin waya, da ma'aikatun da ke biyan albashi, da dare ya raba sai bayanai su fara zirga-zirga tsakanin kwamfutoci: a kwaso su, a tace, a daidaita musu tsari, a zuba a babban rumbu. Kamfanin Microsoft na Amurka ya tanadi kayan wannan aiki mai suna SSIS, wanda ya fito tare da manhajar rumbun bayanansa, SQL Server na 2005, ya gaji tsohon tsarin DTS. Injiniya kan jera matakan aikin cikin ƙunshin umarni guda, ƙunshin ya riƙa gudana da kansa a kan lokaci. To, in an gama tsara shi, ta yaya zai isa uwar garken da zai yi aiki a kanta? Ko dai mutum ya kai shi da hannu yana latse-latse, ko a rubuta 'yar manhaja ta kai shi. Matsayin wannan sharhi shi ne, duk ma'aikatar da ta san darajar bayananta, hanya ta biyu ce tata.

Hanyar kuwa a shimfiɗe take. Microsoft ya ba masu rubuta manhaja umarnin SaveToSqlServer, wanda ke ɗaukar ƙunshi ya ajiye shi a rumbun msdb na uwar garke, ga kuma dtutil mai kwafa da matsarwa da gogewa. A 2012 aka ƙaro rumbu na musamman, SSISDB, wanda ke karɓar aiki gaba ɗayansa, yana riƙe tsofaffin kwafi, yana kuma rubuta tarihin kowane gudu. Amfanin wannan a fili yake: abin da manhaja ta yi jiya shi za ta yi gobe, ba gajiya, ba mantuwa, ko ƙunshi biyu ne ko ɗari biyu. Wanda ke ganin mantuwar mutum ɗaya ƙaramin abu ne ya dubi Knight Capital, kamfanin cinikin hannun jari a Amurka. An sa sabuwar manhaja da hannu a kan uwayen garke takwas, aka tsallake guda. Ranar 1 ga Agusta, 2012, cikin kusan minti 45, kamfanin ya tafka asarar kimanin dala miliyan 440. Manhajarsu ta ciniki ce, ba ta haɗa bayanai ba, amma ciwon iri ɗaya ne.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujja. Sukan ce manhaja ba ta da tunani, in aka ba ta ƙunshi mai kuskure za ta watsa shi ko'ina kafin ƙiftawar ido. Haka ne. Sai dai kuskuren manhaja yana da sawu: ana ganin me aka ajiye, yaushe, da sunan wa, a kuma dawo da kwafin jiya nan take. Kuskuren hannu kuwa sai an tara ma'aikata ana tambayar wa ya taɓa, kowa yana rantsuwa. Maganin saurin manhaja shi ne a fara gwada ƙunshin a uwar garken gwaji, ba a koma latse-latse ba.

Wasu kuma sukan ce ƙunshin ai fayil ne kawai, me zai hana a bar shi a babban fayil na kwamfuta? Asalin fayil ɗin lalle ya zauna inda injiniyoyi ke adana tarihin gyare-gyarensu. Amma kwafin da ke aiki ya fi tsaro a rumbu, inda ake iyakance wanda zai karanta, da wanda zai gudanar, da wanda zai sauya, kuma duk ranar da aka yi wa rumbun kwafin ajiya, ƙunshin na ciki.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta kalmar sirri. In ba a sauya tsarin farko ba, SSIS yana kulle kalmomin sirri ne da mabuɗin wanda ya tsara ƙunshin. Sai a kai shi uwar garke, SQL Server Agent, mai tayar da ayyuka a kan lokaci, ya zo gudanar da shi da wani asusu daban, ya kasa buɗewa, aikin dare ya tsaya cik. Wannan matsala tana kama mai hannu da mai manhaja duka. Bambancin shi ne, mai manhaja sau ɗaya zai rubuta ƙa'idar, ko a miƙa tsaron ga uwar garke, ko a hana ajiye sirri cikin ƙunshin sam, daga nan kowane ƙunshi ya bi sahu.

Don haka kira ga shugabannin sassan kwamfuta: ku ba injiniyoyinku lokacin rubuta wannan 'yar manhaja, ku tanadi uwar garken gwaji, ku hana kowa taɓa ƙunshin da ke aiki da hannu. Albashin ma'aikata da ajiyar jama'a amana ce, bai kamata ta rataya a kan ƙwaƙwalwar mutum ɗaya ba.