Allurar Ƙarfin Namiji Ba Ita Ce Ta Haihuwa Ba

Jama'a, a ƙasarmu idan aure ya shekara biyu ko uku babu ciki, mace ake zuba wa ido. Ita ake kai wa gidan mai magani, ita ake yi wa kishiya, alhali kuwa likitoci sun tabbatar cewa sau da yawa matsalar daga wajen maigida take.

A cikin dalilan akwai ƙarancin sinadarin da ke sa namiji ya cika namiji, watau testosteron. Maraina ne ke yin sa, amma ba su aiki sai da umarnin wani ɗan ƙullutu mai girman ƙwayar wake da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Shi ke aiko da sinadarai biyu, LH da FSH, waɗanda ke sa a yi testosteron da ƙwayoyin haihuwa. In saƙon bai zo ba, sai gemu ya ƙi fitowa, sha'awa ta ragu, maniyyi ya kasance babu iri a cikinsa.

To, ga inda gizo ke saƙa. Magidanci a Bauchi zai ji rauni a jikinsa, kunya ta hana shi zuwa asibiti, ya bi ta Kasuwar Wunti ya sayi maganin maza, ko ya shiga kemis a yi masa allurar testosteron. Ƙarfi kam yana iya dawowa, amma da zarar ƙwaƙwalwa ta ga sinadarin ya wadata a jini sai ta daina aika saƙo, maraina su dakatar da yin iri. A shekarar 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana sakamakon gwajin wannan allura a matsayin hanyar hana maza haihuwa. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Wanda saƙon ƙwaƙwalwarsa ya gaza, maganinsa dabam ne. Ana yi masa allurar hCG sau biyu ko uku a mako, wani lokaci a haɗa da FSH, domin su maye gurbin saƙon da ya yanke. Sai dai ana bukatar haƙuri, gama ƙwayar haihuwa tana ɗaukar kwana 74 ko kusa da haka kafin ta nuna, maganin kuma yakan kai wata 6 zuwa shekara 2. Da yawa sun sami haihuwa ta wannan hanya. Amma in maraina ne da kansu suka lalace, kamar yadda hangum kan jawo wa baligi, wannan allura ba za ta yi amfani ba.

Saboda haka awo shi ne farko. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa yana nan cikin gari. Maigida ya tafi tare da iyalinsa, a auna maniyyinsa da jininsa kafin ya karɓi kowace allura. Haihuwa ta Allah ce, amma neman magani wajibin miji da mata ne baki ɗaya.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.