Zumunci a Ƙafa Yake: Kira ga Mutanen Akurba

Jama'ar Akurba, maza da mata, 'yan asalin gari da baƙin da zama ya mai da su 'yan gari, ina kiran ku da ku fito ku taka ƙasar garinku. Ranar Asabar mai zuwa, da an idar da sallar Asuba gari ya fara haske, a bar babur a zaure, a ƙyale masu keke su wuce, a ɗaura takalmi a bi titin Shandam da ƙafa har cikin Lafiya. Babu kuɗin shiga, babu fom, ba kuma taron siyasa nake kira ba. Abin da nake so kawai mu san inda muke kwana, mu san waɗanda muke kwana kusa da su.

Tun ranar 1 ga Oktoba 1996, da gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanke Nasarawa daga Filato ta mai da Lafiya babban birnin jiha, garin nan bai huta da faɗaɗa ba. Gonaki sun koma filoti, filoti sun koma gidaje masu doguwar katanga da ƙofar ƙarfe. A da mutumin Akurba yakan ce za shi Lafiya, yau Lafiya ce ta taho ta same shi har ƙofar gida. A watan Fabrairun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da babbar tashar rarraba wutar lantarki ta Akurba, sunan garinmu ya shiga jaridun ƙasa. Mun ji daɗi, kuma ya kamata mu ji. Amma a cikin wannan bunƙasa mun yi asarar da ba mu lura da ita ba. Ma'aikaci ya fita da safe a mota gilashi a rufe, ya dawo bayan Isha'i, ya shekara a layi bai san sunan mai unguwarsa ba. Yaro ya san hanyar makaranta da ta kasuwa daga bayan ɗan acaɓa, amma ka ajiye shi a Ƙofar Fada ka ce ya nuna maka Kilema, sai ya tsaya yana raba ido. Wannan abin kunya ne gare mu iyaye, ba laifin yaron ba ne.

Garin da muke ratsawa a guje tsohon gari ne mai labari. Muhammadu Dunama ne ya kafa shi tare da jama'arsa Barebari, fiye da shekara 200 da suka wuce, shi ya sa har yau ake kiransa Lafiyar Barebari. A zamanin Sarki Muhammadu Agwai, daga 1881 zuwa 1903, kasuwar Lafiya ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kwarin Binuwai, fatake suna bin hanya daga nan har Loko a bakin kogi. Da ƙafa suka yi wannan fatauci, kaya a ka ko a bayan jaki, suna yada zango suna tashi. Da ƙafa gishirin Keana da na Awe ya iso kasuwanninmu. Daga baya Turawa suka shimfiɗa layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Makurɗi ya ratsa Lafiya ya nufi Kafanchan. Matasanmu nawa ne suka taɓa tsayawa a tsohuwar tashar jirgin nan, suka dafa ƙarfen dogon, suka tambayi wani dattijo abin da ake lodawa a taragu a wancan zamani? Sarki Isa Mustapha Agwai na Ɗaya ya hau gadon sarauta a 1974, ya rasu a 2019, Allah Ya jiƙansa. Mai Martaba Sidi Bage Muhammad na Ɗaya ya baro kujerar alƙalin Kotun Ƙoli ya gaje shi. Dattawan da suka ga waɗannan shekaru da idonsu suna nan zaune a kan tabarma a ƙofar gidajensu, kowace damina kuma sai mun binne wasu daga cikinsu da labarinsu a ciki.

Ku je ku same su tun suna da rai. Ku yi sallama, ku durƙusa ku gaishe su, ku tambaye su. Wane ne Sidin da Bukan Sidi ta ci sunansa? Ina rimayen Rimi Uku suka tsaya, wa ya sare su, ko akwai wanda ya rage? Su wa suka fara kafa bukka a Tudun Gwandara da Tudun Kauri? Yaya bakin kogin Amba yake kafin gidaje su matse shi? Mu ma nan gida, su wa suka fara saran daji a Akurba, wace rijiya ce ta Bakin Rijiya? Matambayi ba ya ɓata. Kowannenmu yana yawo da waya mai ɗaukar murya a aljihu, muna cika ta da abin da gobe za mu goge. A nemi izinin tsoho, a ajiye wayar a gefen tabarmarsa, a bar shi ya yi magana har ya gaji.

Mai tafiya a ƙafa yana ganin abin da mai mota ba zai taɓa gani ba. Zai ga mai ƙosai ta kafa kaskonta tun duhu, tana juya ƙulli da hannun dama tana gyara itace da na hagu, 'yarta tana zuba kunu a roba tana ƙirga canji. Idan ya tsaya ya saya, ya ce “Inna, ina kwana, ya kasuwa?” zai ji daga bakinta nawa mudun wake ya kai, da dalilin da ya sa ƙosan ya ƙanƙance. Zai ga 'yan dako suna jera doya ƙwarya-ƙwarya a gindin babbar mota, ya ji ana ciniki da Hausa, ana raha da Eggon, ana kiran yaro da Tibi, ana amsawa da Alago. Zai kuma ga kwalbatin da ledar fiya wata ta toshe, ruwa ya kwanta ya yi kore, sauro na ƙyanƙyasa a bakin ƙofar gidan da ke da jarirai. Wanda ya tsallake wannan kwata da ƙafarsa, ya toshe hanci, shi ne zai iya tsayawa gaban kansila ya ce ga wuri kaza, ga abin da ya same shi, a zo a gyara.

Akwai dalilin da ya fi duk waɗannan nauyi a zuciyata. Ƙasar Lafiya gida ce ga Barebari da Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Tibi da Hausawa da Fulani da Ibo da Yarbawa, Musulmi da Kirista. Mun kuma san ɗacin rikici. Abin da ya faru a Assakio a 2012 da Alakyo a 2013 ba a wata ƙasa ya faru ba, a cikin ƙaramar hukumarmu ne, akwai gidajen da har yau suke kukan mutanensu. Jita-jita tana samun gindin zama ne a inda mutane ba su san juna ba. Idan aka turo maka saƙo a WhatsApp cewa mutanen unguwa kaza suna shirya mugun abu, kai kuwa makon jiya ka sha ruwa a ƙofar gidansu, ka san sunan limaminsu ko fastonsu, kana da lambar shugaban matasansu, to kira za ka yi ka tambaya kafin ka tura wa wani. Kakanninmu da suka ce zumunci a ƙafa yake sun san abin da suke faɗa.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 talaka yake taka sayyada dole, wace tafiya kuma za a koya masa? Gaskiya ne, kuma ina jinjina wa duk wanda yake takawa daga Akurba zuwa wurin aiki don kuɗin keke ya gagara. Su ne ma za su yi mana jagora, don sun fi kowa sanin lunguna da inuwa da inda kare yake. Kirana ya fi ƙarfi a kan masu hali, waɗanda suke ganin tafiyar ƙasa zubar da girma ce. Alhaji, Hajiya, Ranka ya daɗe, a sauko. Girma ba ya zubewa don an taka ƙasa, likitoci ma kullum roƙonku suke ku riƙa tafiya saboda hawan jini da ciwon suga. Masu tsoron rana kuwa, shi ya sa na ce da sassafe. Kafin hantsi ya dubi ludayi an dawo.

A birnin Toronto na ƙasar Kanada, tun 2007 mutane suke fitowa a farkon watan Mayu na kowace shekara suna zaga unguwanninsu a ƙafa, ɗan unguwa yana gaba yana ba da labari, don tunawa da marubuciya Jane Jacobs wadda ta yi rayuwarta tana kare unguwanni daga masu rushe su. Al'adar ta bazu zuwa birane da yawa na duniya. Mu da muka gaji ziyara da gaisuwa da yawon Sallah, bai kamata a riga mu a wannan ba.

A fita da ladabi. Kada a wuce mutum goma a ayari ɗaya, don taro mai yawa yana tsorata unguwa. A fara da gidan mai unguwa a gaya masa abin da ya kawo mu, da ɗan gari akan ci gari. Kada a ɗauki hoton kowa sai ya yarda, musamman mata da yara. Iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata su haɗa nasu ayarin, domin su ne za su shiga gidajen da aka rubuta “ba a shiga”, su ji tarihin da ke bakin tsofaffin mata, wanda mu maza ba mu taɓa jin ko rabinsa ba. Malaman makaranta su ɗauki 'yan aji su kai su Ƙofar Fada da ƙafa. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wadda aka kafa a 2011, da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai, ku da kuka zo daga jihohi daban-daban, kada ku gama karatu ku tafi ba ku san komai ba sai hanyar ɗakin kwana da ta tasha.

Gwamnatin jiha da ta ƙaramar hukuma, ku ma akwai naku. A kan titin Shandam Gidan Gwamnati yake, a kansa asibitin da a da ake kira Dalhatu Araf yake, amma mai tafiya a ƙafa a wurare da yawa sai ya raba hanya da mota da babur, yana tafe yana waiwaye. An yi wa masu mota gadar sama, mun gani mun yaba. A yi wa masu ƙafa gefen titi mai tudu, a rufe manyan kwatoci, a dasa darbejiya da mangwaro a bakin hanya, a sa fitilu a kuma riƙa gyara su.

Limamai su sanar ranar Juma'a, shugabannin matasa su zaga gida-gida, fastoci su tuna wa jama'arsu. Kowane layi ya zaɓi dattijo ɗaya da zai ja gaba da matashi ɗaya da zai riƙe littafi da biro. A riƙo gorar ruwa da 'yan canjin sayen ƙosai. Wannan Asabar daga Akurba zuwa Ƙofar Fada, ta gaba kuma mu gayyato mutanen cikin gari su tako su zo mu zaga da su Akurba.