Kyauta ma tana da sharaɗi

Wata ɗabi'a ta matasanmu na Gudel masu koyon rubuta manhaja tana damuna. Duk abin da suka tarar a intanet an ce kyauta ne, sai su kwasa su haɗa, ba su duba lasisi ba.

Mai rubuta manhaja kamar magini yake, da tubalan wasu yake aiki, kuma kowane tubali da sharaɗinsa. Lasisin GPL, misali, ya ce in ka haɗa kayansa da naka za ka raba wa jama'a, to dukkansu su bi dokarsa. In ɗaya tubalin ya hana haka, ba ka da ikon raba aikinka.

Manya ma sun taka wannan ƙaya. An gina manhajar KDE a kan tubalin Qt, wanda lasisinsa bai jitu da GPL ba. A 1998 Debian ta cire ta daga kayan da take rabawa. Sai a 2000, da masu Qt suka amince da GPL, aka sasanta.

Malamai, ku sa karatun lasisi cikin darasi. Iyaye, in yaro ya nuna muku aikinsa, ku tambaye shi: kayan wa ka ara, kuma da wane sharaɗi?