Tabki namu ne, gona ma tamu ce

Ran nan muna cikin karatu, wani dattijo daga cikin ɗalibaina ya aje allonshi ya ce mini: "Malam, wai gaskiya ne za a hana mu noma bakin tabki sabili da tsuntsaye?" Aji duka ya ɗauki surutu. Wani ya ce ko sarki ya zo ba shi tashi daga gonar ubanshi. Na ce su yi haƙuri mu bi maganar sannu.

Kowa cikin Adar ya san tabkin Tabalak, bisa hanyar Agadas, kamar kilomita 50 daga Tawa. A shekarar 2005 anka sa shi, tare da tabkin Ɗan Dutsi, cikin jerin ruwayen da duniya ta ce a kiyaye. Wannan yarjejeniya an yi ta a Ramsar, wani gari na ƙasar Iran, a 1971. Nijar ta shiga cikinta a 1987. Yarjejeniyar ba ta ce a kori mutane ba. Cewa ta yi a ci amfanin ruwan da hankali, don kar ya ƙare.

To mi ya sa manomi ke jin tsoro? Ruwa ba ya tsami banza. In damana ta yi gardama, hatsin tudu bai isa wata huɗu. Abin da ke riƙe gida shi ne ɗan filin bakin tabki. Ruwa na janyewa, mutum na bin laima da shuka: wake, rogo, dankali, albasa, tumatir. Nan ake samun kuɗin magani da na tufafin yara. Nan ne ke hana saurayi tafiya bida Libiya ko Abijan. Wanda ya ce ma wannan mutum ya ja baya, ya taɓa tukunyarshi.

Amma mu ma mu faɗi gaskiya. Tabki na cikewa da rairai. In anka sare itacen gaɓa, anka nome har bakin ruwa, korama ba ta da abin da za ya tsaida ta, sai ta kwaso ƙasa ta zuba ciki. Tabkin da ya cike, ba kifi ga masunta, ba mashaya ga Buzaye da Fulani, ba laima ga mai garka. Tsuntsayen da ke zuwa daga Turai lokacin ɗari suna da fiffike, su canza wuri. Mu fa, ina za mu?

Don haka ni ra'ayina, a gyara tabki, amma ba da gonar talaka kaɗai ba. Ga abu ukku.

Na farko, a fara daga bisa. Rairan daga tudu da duwatsu yake gangarowa. Mun ga aikin Keita da ya soma a 1984 da taimakon ƙasar Italiya: anka jera duwatsu, anka gina ramu, anka dasa itace, mata ne sunka fi yawa wajen aikin. Ƙasar da ta mutu ta koma ba da ciyawa. In an tsaida ruwa can bisa, ba sai an amshe gona ƙasa da yawa ba.

Na biyu, a zauna da mutane tun ba a kafa turke ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo. A kira manomi, da makiyayi, da masunci, da mata masu garka, gaban maigari. Su nuna inda ruwa ke kaiwa shekarar cika, da burtalin da bisashe ke bi.

Na ukku, in dole sai an bar wani yanki, a biya mai shi diyya ko a ba shi wani fili mai laima, kuma a rubuta. Dokar karkara ta 1993 ta yarda da gonar gado, ko da ba a saye ta da kuɗi ba. Akwai kwamitin filaye da ake ce ma Kofo, wanda ke ba da takardar shaida. Ku tafi ku nemi taku tun rigima ba ta taso ba.

Ƴan uwa, nan karatunmu ke da rana. Da, in an kawo takarda, yatsa mukan dangwala ba mu san mi ke ciki ba. Yanzu ka amsa, ka karanta, in ba ka gane ba ka tambaya. Dattijon nan ya yi mini alkawali jibi za ya zo da takardar gonarshi mu karanta tare cikin aji.

Tambayoyi

1. Mi ke cika tabki da rairai?
2. Su wa ya kamata a kira kafin a taɓa gonar bakin tabki?
3. Kana da takardar gonarka? In babu, ina za ka neme ta?