BAYAN KYAMARA: Makullin Kamfani a Aljihun Yaron Edita

 A wannan watan za mu ɗan ajiye zancen wane ya ɓata da wance, mu taɓa maganar kuɗi da na'urorin da ake neman kuɗin da su, domin na san da yawanku burinku ku buɗe kamfanin fim wata rana.

Ga wasu tambayoyi uku da nake so ku yi wa duk furodusan da kuka sani. Ranka ya daɗe, fim ɗin da ka kashe miliyoyi ka ɗauka, yau a ina yake kwance? Waye ke riƙe da lambar sirrin tashar kamfaninka ta YouTube? In editanka ya yi fushi gobe ya kashe waya, me zai rage a hannunka? Ku jarraba, za ku ga wasu sun fara sosa ƙeya suna cewa, "Ai yaron nan na situdiyo shi ya san kan waɗannan abubuwan."

To nan gizo ke saƙar. A zamanin kaset, tun daga "Turmin Danya" a 1990 har zuwa tashen su "Sangaya", dukiyar furodusa abin gani ce da ido. Ga masta a durowa, ga kwali an buga an ƙirga, ga 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai. Sidi ya zo ya wuce, masu tura fim a waya suka karya kasuwar faifai, tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, sannan daga 2020 finafinai masu dogon zango irin su "Izzar So" da "Labarina" suka nuna wa kowa cewa akwai kasuwa a intanet. Yau jarin kamfani gaba ɗaya yana cikin wani rumbun ajiya da bai wuce tafin hannu ba, da wata lambar sirri. Amma har yanzu akwai mai kamfanin da ke kulle ofis da kwaɗo biyu, alhali ainihin makullin yana aljihun yaron da ko takardar ɗaukar aiki bai sa wa hannu ba.

Manyan kamfanonin duniya sun daɗe da gane cewa wannan magana ta shugabanni ce. Tun 1996 wata ƙungiya mai suna ISACA ta fitar da kundin COBIT kan yadda ake kula da harkar kwamfuta a ma'aikatu, sannan a 2008 aka fitar da ƙa'idar duniya mai lamba ISO/IEC 38500. Kar sunayen su ba ku tsoro. Abin da ƙa'idar ta ɗora wa shugaba abu uku ne: ya auna, ya ba da umarni, ya bibiya. Wato ya auna ko na'urar za ta kawo riba, ya faɗi waye ke da alhakin me, sannan ya riƙa dubawa ko ana yin abin da ya ce. Ba a ce sai ya iya tace fim ba. Ai mai motar haya ma ba dole ya iya kanikanci ba, amma kullum da yamma yana karɓar balas, kuma takardun mota da sunansa suke.

Mu fara da aunawa. A shekarar 2000, wani ƙaramin kamfani mai aika wa mutane faifan fim ta gidan waya a Amurka, wato Netflix, ya nemi Blockbuster ya saye shi a kan dala miliyan 50. Blockbuster kuwa shi ne sarkin shagunan hayar fim, wanda a 2004 yake da shaguna sama da 9,000. Shugabanninsa suka ƙi tayi. A 2007 Netflix ya fara nuna fim kai tsaye ta intanet, a 2010 Blockbuster ya tafi kotu ya ce ya karye. Yau shago ɗaya tak ya rage mai ɗauke da sunan, a garin Bend na jihar Oregon. Ba kwamfuta suka rasa ba, ba kuma kuɗi ba. Waɗanda ke kan kujera ne ba su auna inda zamani ya dosa ba.

A wajenmu rashin aunawar yakan zo ta wata fuskar, wato gasa. Wane ya sayo sabuwar kyamara, ni ma sai na sayo wadda ta fi ta. An sayo, an ɗauki hoto da ita an watsa a Instagram, sai a tarar kwamfutar situdiyo ba za ta iya ɗaukar nauyin hotunanta ba, ga ba mai ɗaukar sauti na kirki, ga 'yan kallo a ƙaramar waya za su kalla. Kafin a ciro kuɗi, tambayar ita ce: wannan abin me zai ƙara wa fim, kuma a fim nawa zai mayar da kuɗinsa? In haya ta fi sauƙi, a yi haya, ba abin kunya ba ne.

Sai ba da umarni. A watan Nuwamba na 2014 masu kutse suka shiga kwamfutocin kamfanin Sony Pictures, suka kwashe wasiƙun shugabanni da bayanan albashin ma'aikata, suka watsa finafinai irin su "Annie" da "Still Alice" tun ba a kai su sinima ba. Abin takaici, cikin abin da aka kwasa har da wata jaka ta kwamfuta da aka tara lambobin sirri a ciki, aka kuma raɗa mata suna da kalmar da ke nuna abin da ke cikinta. Kamar mutum ne ya rataye makullin sito a jikin ƙofar siton. A Fabrairun 2015 aka sanar da cewa Amy Pascal, ɗaya daga cikin shugabannin kamfanin, za ta sauka daga kujerarta. Ka ga da abin ya fashe, ba kan yaron kwamfuta ya tsaya ba.

Saboda haka malam furodusa, tashar YouTube a buɗe ta da imel na kamfani da lambar wayar mai kamfani, kuma asusun bankin da kuɗi ke shiga ya zama na kamfani. YouTube ɗin ma ya tanadi matakai: akwai mai tasha, akwai manaja, akwai edita, kowa da iyakarsa, ba sai an raba wa kowa lambar sirri ba. A kunna tsarin nan na tantancewa sau biyu, wanda ko an sace lambar sai an nemi izini daga wayarka. Duk wanda ya bar aiki, a ranar a cire sunansa, ko da ɗan yayarka ne. Ba zargi ba ne, tsare zumunci ne, domin rigimar tasha tana raba aminai.

Na ukun, bibiya, shi ya fi ba ni tsoro. A 1998, ana tsakiyar aikin "Toy Story 2" a kamfanin Pixar, wani ya buga umarnin gogewa a inda bai dace ba. Ma'aikata na kallo hotuna suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, kafin a cire wuta kusan kashi 90 cikin 100 na aikin ya tafi. Aka ce ba komai, ai muna da ajiya. Da aka buɗe ajiyar sai aka tarar ta daɗe ba ta aiki daidai, kuma ba wanda ya lura. Abin da ya cece su, wata babbar ma'aikaciya mai suna Galyn Susman ta haihu, tana aiki daga gida, don haka akwai kwafi a kwamfutarta. Aka naɗe kwamfutar da barguna aka ɗauko ta a mota kamar ƙwai. Fim ɗin ya fito a 1999 ya kawo kusan dala miliyan 500. To in gemun Pixar ya kama wuta, me situdiyon da ke fama da ɗauke wutar lantarki yake jira?

Masu wannan sana'a suna da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: kwafi uku, a ma'aji iri biyu, ɗaya kuma a wani gini dabam. Daga lokeshin ma, kar a goge katin kyamara sai an ga aikin ranar ya zauna a wuri biyu. Sannan duk wata mai kamfani ya zauna da kansa ya ce a buɗe masa ajiyar ya gani tana aiki. Haka alƙaluman tasha: YouTube na ba mai tasha kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan dogayen bidiyo, kuma yana nuna mutum nawa suka kalla, daga wace ƙasa, a wane minti suka gudu. Wanda bai taɓa buɗe wannan shafi ba, da me zai san ko waƙar da ya kashe wa kuɗi ita ke korar 'yan kallo ko ita ke riƙe su?

Wani zai ce, mu 'yan kallo ina ruwanmu? Da ruwanku mana. Ku gwada neman wasu finafinan da iyayenku ke ba ku labari, ku ga wahalar da za ku sha kafin ku sami kwafi mai kyau. Kowane fim da ya ɓace, gumin jarumai da marubuta da mawaƙa ne ya bi ruwa. Kuma duk lokacin da kuka kalli fim a tashar ɓarayi, kuɗin da za a yi muku zango na gaba ne kuka miƙa wa wani. Ku nemi tashar masu fim ta ainihi.

Ku kuma matasa masu son shigowa industiri, ba kowa ne zai zama jarumi ba. Wanda ya iya adana aiki da lissafin tasha, kuma aka shaide shi da amana, kamfanoni za su neme shi. Ku rubuto ku faɗa mana amsar da furodusoshinku suka ba ku kan tambayoyin nan uku.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.