Hanyar Maƙabartar Boeing Ba Alfarma Ba Ce

Daga Titin Koudoukou zuwa maƙabartar Musulmi ta unguwar Boeing 'yan kilomita ne kaɗan. Ka fita ta bayan unguwa, ka nufi wajen filin jirgin saman M'Poko, kafin masu rakiya su gaji da salati an iso. Amma tun daga Disamban 2013 har zuwa Fabrairun 2016, fiye da shekara biyu, babu Musulmin unguwarmu ta Kilomita Biyar a Bangui da zai ɗauki makara ya bi wannan hanya yana da tabbacin zai dawo gida da ƙafarsa. Yau hanyar a buɗe take, alhamdu lillahi. Abin da ya hana ni sakin jiki shi ne yarjejeniya ce ta buɗe ta, kuma abin da yarjejeniya ta bayar fushin rana ɗaya yana iya ƙwacewa.

Ni haifaffen Bangui ne. Kakana ya baro ƙasar Kano da fatauci tun zamanin Faransa, ya biyo ta Garwa da Ngaundere, ya yada zango a nan bai koma ba. Mahaifina yana kwance a Boeing. Ina sayar da yadi a Titin Koudoukou, titin da aka sa wa sunan Georges Koudoukou, hafsan soja ɗan ƙasar nan da ya rasu a 1942 bayan raunin da ya samu a yaƙin Bir Hakeim. Kuma ina cikin waɗanda ake bugawa waya idan an yi rasuwa a unguwa, don wanka da haƙa. Da Sango nake ciniki, da Hausa nake yi wa 'ya'yana faɗa.

Dole in fara da abin da ya jawo rufe hanyar, domin mai son a ji kukansa ba ya ɓoye na maƙwabcinsa. Ranar 24 ga Maris 2013 'yan tawayen Seleka suka shiga Bangui, suka kori Shugaba François Bozizé, Michel Djotodia ya hau mulki. A watannin da suka biyo baya mayaƙan Seleka sun kashe mutane, sun yi fashi, sun ƙona gidaje, kuma akasarin waɗanda abin ya faɗa wa Kiristoci ne. Mutanen Boeing suna cikinsu. Ranar 5 ga Disamba 2013 mayaƙan sa-kai na anti-balaka suka afka wa birnin, suka ɗora laifin Seleka a kan duk mai sallah. Kiristoci wajen 100,000 suka tsere suka yi sansani a gefen filin jirgin M'Poko, daf da Boeing. Mu kuma aka loda 'yan'uwanmu a manyan motoci zuwa Chadi da Kamaru. An ƙiyasta Musulmin Bangui sun kai 122,000 kafin rikicin. Lokacin da Fafaroma Francis ya zo babban masallacinmu ranar 30 ga Nuwamba 2015, waɗanda suka rage a Kilomita Biyar ba su wuce 15,000 ba. Jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, Samantha Power, ta ce a 2015 an rusa masallatai 417 cikin 436 na ƙasar.

To, mutuwa ba ta jira a sasanta ba. Masallacin Ali Babolo ya zama wurin ajiye gawa. Nan ake jera waɗanda aka tsinto a kan titi, a lulluɓe su, dangi su zo su duba fuska. Ban da waɗanda harsashi da adda suka kashe, akwai tsofaffin da ciwon suga da hawan jini suka ɗauke saboda babu hanyar asibiti, da jarirai, da mata masu naƙuda. Addini ya ce a gaggauta sutura, zafin Bangui ma ba ya barin a yi jinkiri. Sai muka koma haƙa a cikin unguwa: tsakar gida, bayan ɗaki, kangon da masu shi suka gudu.

Akwai wata dattijuwa a layinmu da ta cika cikin damina. Gidan haya take, tsakar gidan kuma siminti ne. Sai muka kira wani maƙwabci da ya riga ya tsere N'Djamena, wanda gidansa ke da fili. Na ce masa, "Alhaji, Inna ta rasu, kuma ka san hanya a rufe take. Muna roƙon tsakar gidanka." Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke, sannan ya ce, "Allah ya jiƙanta. Ku haƙa gabas da mangwaron, ku yi nesa da rijiya." Nesa da rijiya a gidan Kilomita Biyar taku goma ne. Ƙasar unguwarmu jiƙaƙƙiya ce, da damina ba ka yin zurfi ruwa ya tsatso. Mun yi ta kwashewa da bokiti kafin mu sa ta, muka rufe da allunan wata tsohuwar ƙofa. Ɗanta bai samu zuwa ba, yana wata unguwa da ba a ƙetarowa daga cikinta.

Me mutanen Boeing suke cewa a lokacin? Abu uku muka riƙa ji. Na farko tsoro: wai za a ɓoye bindiga a cikin makara, a fake da jana'iza a shigo musu. Ban raina wannan tsoro ba, domin a unguwarmu akwai samari masu makamai da suka kira kansu masu kare kai, daga baya suka koma karɓar haraji a hannun 'yan kasuwa da bakin bindiga. Na biyu ɓacin rai: sun binne nasu da Seleka ta kashe, ba su da zuciyar kallon ayarinmu yana wucewa ta ƙofar gidajensu. Wannan ma ɗan Adam ne. Na uku shi ne wanda har yau yake ci mini rai: "Ku kai su ƙasarku." Wace ƙasa? Inna a Bangui aka haife ta. Mutumin da ya ce kada a binne ka a nan, da kai mai rai yake magana, yana gaya maka cewa kai baƙo ne komai daɗewarka. Shago ana tashinsa, gida ana sayarwa, amma wanda iyayensa ke kwance a ƙasar gari ba a ce masa jiya ya zo. Masu hana maƙabarta sun san haka sarai.

Na bi labaran irin wannan a wasu ƙasashe, inda babu yaƙi babu Seleka, na ga hujjar tana sauya riga kawai. A Kanada, ranar 29 ga Janairu 2017 wani ya harbe mutum shida a masallacin birnin Kebek. Musulmin birnin ba su da maƙabartarsu a kusa. Suka samu fili a ƙauyen Saint-Apollinaire, aka kaɗa ƙuri'a a Yulin shekarar, mutum 19 suka ce a'a, 16 suka ce e, magana ta mutu, sai da magajin garin Kebek, Régis Labeaume, ya samar musu wani filin a cikin birni. A yankin Stafford na jihar Bajiniya a Amurka, hukuma ta tsawaita tazarar da ake buƙata tsakanin maƙabarta da rijiya daga ƙafa 100 da dokar jiha ta tanada zuwa ƙafa 900, bayan Musulmi sun sayi fili. Ma'aikatar Shari'a ta ƙasar ta kai su kotu a 2020, suka janye dokar. A Siri Lanka, da sunan kare ruwan ƙasa aka tilasta ƙona gawarwakin Musulmin da korona ta kashe, sai a 2024 gwamnati ta nemi gafara. Maganar ruwa magana ce ta gaskiya, kuma tana da ma'auni: ana auna zurfi, ana auna tazara, ana duba irin ƙasar. Ni da na kwashe ruwa daga kabari a gefen rijiyar da yara ke sha, na san hana maƙabarta shi ya fi komai kawo gawa kusa da ruwan sha.

Ranar 11 ga Fabrairu 2016, kwana uku kafin zagaye na biyu na zaɓen da ya kawo Faustin-Archange Touadéra kan mulki, wakilan Boeing da na Kilomita Biyar suka sa hannu a yarjejeniyar daina kai wa juna hari, da tallafin rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya ta MINUSCA. Masu unguwanni da limamai da fastoci da mata da shugabannin matasa ne suka yi ta zama kafin a kai ga haka. Samarin ɓangarorin biyu suka yi aikin gyaran hanya tare. Ba zan taɓa rage darajar wannan ba. Waɗanda suka sa hannu daga Boeing sun koma cikin mutanen da ke ganinsu a matsayin maciya amana, kuma sun daure. Sun bi sawun Akbishop Dieudonné Nzapalainga, wanda ya sauki Imam Omar Kobine Layama a gidansa lokacin da ake farautar Musulmi, da Fasto Nicolas Guérékoyamé-Gbangou da ya zaga ƙasar tare da su. Da na koma Boeing bayan buɗe hanya, ciyawa ta fi ni tsawo, sai da muka yi sara kafin na gane inda mahaifina yake.

Sai dai yarjejeniya tsakanin unguwa da unguwa tana nufin haƙƙin binne mamacina yana hannun maƙwabcina, ya ga dama ya bari, ya ga dama ya hana. Mun ga yadda abin ke rawa a 2018. A watan Afrilu aka yi artabu tsakanin dakarun MINUSCA da masu makaman unguwarmu. Ranar 1 ga Mayu aka kai hari cocin Fatima, aka kashe masu ibada tare da Fada Albert Toungoumale-Baba, mutumin da ya yi suna wajen sasanta Kirista da Musulmi. A ranar aka sake rusa masallacin Lakouanga. Duk lokacin da gari ya rikice haka, tambayar farko da ake yi a gidan rasuwa ita ce, "Hanya a buɗe take?" Bai kamata ɗan ƙasa ya yi wannan tambaya yana riƙe da likkafani ba.

Abin da nake nema a wurin hukuma ba mai yawa ba ne. A yi wa filin maƙabartar takarda tabbatacciya da iyaka da katanga, don kada a wayi gari an yanka gefensa an yi fuloti. Gyaran hanyar da tsaronta su zama aikin yau da kullum na hukumar gari da 'yan sanda, kada su dogara da sojojin waje da wata rana za su naɗe kayansu. A ware sabon fili tun wannan bai cika ba, a auna ruwansa a gaban maƙwabta, a amsa tambayoyinsu da alƙaluma. Garuruwan yamma irin su Boda da Yaloke da Carnot, inda aka kori Musulmi ko aka killace su, masu komawa suna buƙatar maƙabartunsu kamar yadda suke buƙatar gidajensu.

Mu ma akwai namu nauyin. Kada makami ya sake kusantar ayarin jana'iza, ko da sanda ce da sunan kariya. Kuma ranar 11 ga Afrilu 2018 da aka kwashi gawarwakin mutanen unguwarmu aka jera a ƙofar hedikwatar MINUSCA, na fahimci zafin da ya kai mutane ga haka, amma ban yarda da shi ba. Wanda ke neman a girmama mamacinsa ba ya mai da shi allon zanga-zanga a cikin rana.

Ga 'yan'uwana na Kano da Katsina da Maraɗi, inda mu ne masu rinjaye: kafin ku gama jin haushin mutanen Boeing, ku tambayi kanku yadda ake amsa wa Kiristan da aka haifa a garinku idan ya zo neman filin binne nasa. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, ya kuma nuna wa sahabbai cewa rai ne na ɗan Adam. Idan amsar da ake ba shi ita ce ya kai gawar kudu, to kalmar da aka gaya mana ce, ba a canza ko harafi ba.

Akwai aikin da ba ya jiran gwamnati. Kaburburan da muka haƙa a tsakar gidaje tsakanin 2013 da 2016 suna nan, kuma babu wanda ya rubuta su wuri ɗaya. Wasu gidajen an sayar, sababbin masu su ba su san abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba, kuma gini yana ta tashi a Kilomita Biyar. Mu da muka yi haƙan muna tsufa, wasunmu sun riga mu gidan gaskiya. Ina kira ga limaman unguwa da kwamitocin masallatai su buɗe littafi, gida-gida, a rubuta sunan mamaci da shekara da daidai wurin, sannan malamai su zauna su yanke hukuncin waɗanda za a bari da waɗanda za a mayar Boeing, tun kafin magina su fara haƙa harsashi a kansu.